Kifi a kan shimfiɗar albasa: girkin dare ga wadda ba ta taɓa dafa ɗanyen kifi ba

Idan wannan ne karonki na farko da za ki dafa ɗanyen kifi, shawarata ita ce ki ajiye kaskon suya tukuna. A gidajenmu na Kano da an ce kifi, soyayye ne ke zuwa rai: a yanka, a barbaɗa gishiri, a tsoma a mai har ya yi ƙarau, sannan a jefa a miya ko a ci da yaji. Yana da daɗi, ban musa ba. Amma suya ita ce hanya mafi wuya ga sabon hannu. Mai yana fantsama, fata tana kamawa a kasko, waje ya ƙone ciki bai nuna ba, ga kuma rabin kwalbar mai ya tafi a dare ɗaya. Akwai hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi wa jiki: ki shimfiɗa albasa da tumatir a gindin tukunya, ki kwantar da kifi a kai, ki rufe, ki rage wuta, ki bar shi ya turara da ruwan jikinsa. Cokali biyu na mai sun ishi mutum huɗu.

Ni ma ban daɗe da shiga harkar ba. A gidanmu nama aka sani da kaza, sai busasshen kifi a miyar kuka. Na fara ne bayan likita ya ce wa maigida jininsa ya fara hawa, ya rage gishiri da maiƙo da jan nama. Wadda ta koya mini maƙwabciyata ce, dattijuwa 'yar Yauri da muke kira Inna, wadda ta tashi a bakin kogin Neja inda kifi yake abincin yau da gobe. Abu ɗaya ta fi nanata mini, shi ne kifi ba nama ba ne, don haka duk abin da hannuna ya saba yi wa nama kada in yi masa. Da na fahimci wannan, sauran aikin ya zo da sauƙi.

Dalilin a fili yake. Naman sa ko na rago cike yake da jijiya mai tauri, sai an daɗe ana dafa shi kafin ta saki. Tsokar kifi kuwa gajeru ce, sala-sala, kuma abin da ya haɗa salar yana narkewa da ɗan zafi kaɗan. Shi ya sa mintuna goma sha biyar da ba su yi wa nama komai ba sun gama da kifi. Wuta mai ƙarfi, doguwar dahuwa, juyawa da ludayi, duk ɗabi'un dafa nama ne, kuma su ne suke mayar da kifi dagargajajje, busasshe, ƙaya ta watsu ko'ina a cikin romo. In kai namiji ne kake karanta wannan, ka bi ni a haka, girkin bai san bambanci ba.

A kasuwa

Rabin daɗin wannan girki a wurin mai kifi ake samo shi, saboda haka zan ɗan daɗe a nan.

Don karon farko ki zaɓi ɗaya cikin biyu: karfasa ko tarwaɗa. Karfasa tana da farin nama, ba maiƙo, ƙarninta kaɗan ne, kuma ba ta da wuyar gyara. Matsalarta ƙananan ƙayoyi. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, ƙayarta kusan ta tsakiya ce kawai, kuma da yake tana da ɗan maiƙo ba ta saurin bushewa ko da kin ɗan wuce lokaci, matsalarta yauƙi. Ni karfasa nake zaɓa wa sabon hannu, matsakaita guda biyu, kowace kamar rabin kilo. Amma in da ƙananan yara a gidan, tarwaɗa ta fi kwanciyar hankali, kilo ɗaya ya isa. Giwan ruwa ya fi su duka kyan nama, sai dai tsadarsa ta sa ba shi ne kifin koyo ba. Ki bari sai hannunki ya faɗa.

Ki je da safe. A Kano kasuwar kifi ta Galadima ce aka fi sani, kuma kifin ruwan daɗi yana shigo mana daga madatsun ruwa irin su Tiga da Bagauda da Challawa, da fadamun Haɗeja, ban da tarwaɗar da ake kiwo a kududdufan gida. Kifin da ya iso da asuba, in ya kai la'asar a kan tebur cikin zafin nan namu da yake haura digiri 40 a watan Afrilu, ya riga ya zama wani abu dabam. In kina da sauran cefane, ki gama da shi tukuna, kifi ya zama abu na ƙarshe da za ki saya, daga nan sai gida. In hanya da nisa, ki riƙe ƙaramar kula da ƙanƙara a ciki.

Kada ki ji kunyar taɓa kifi kafin ki biya. Ki fara duban idonsa: na sabon kifi a cike yake, garau, ya ɗan turo waje, wanda ya kwana idonsa ya faɗa ciki, ya yi hazo. Sannan ki ɗaga murfin kunnensa ki duba jan naman da yake numfashi da shi. Ja jawur kike nema. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, ko yana yauƙi mai wari, ki ajiye. Ki danna bayansa da yatsa: in gurbin yatsan ya cike nan take, kifi lafiya lau, in ramin ya zauna, tsoka ta fara saki. Ɓawon ya kasance a manne, yana sheƙi, ciki kuma bai kumbura ba balle ya fashe. Na ƙarshe hanci. Sabon kifi warin ruwa yake yi, ko ɗan warin taɓo. Warin da zai sa ki ja da baya, babu lemun tsami ko cittar da za su gyara shi, kuma duk arharsa asara ce.

Tarwaɗa yawanci da ranta ake sayar da ita a cikin baho, wannan ya sauƙaƙa miki bincike. Ki nuna wadda take motsi da kuzari, jikinta ba gyambo. Ki bar mai kifin ya kashe ya yanka miki, domin tana da ƙarfi, kuma ƙayoyin da ke gefen kanta in suka soki hannu ciwon ba kaɗan ba ne.

Haka ma karfasa, ki ce masa, "Malam, a kankare min, a cire kayan cikin da na kunne, a raba kowace gida uku, amma a bar min kan." Ki tsaya ki kalli yadda yake yi, don wata rana ke za ki yi da kanki. Ki lura musamman da maɗaciya, wata 'yar jaka mai koren ruwa da ke manne da hanta. In ta fashe a cikin kifin, duk inda ruwan ya taɓa ya yi ɗaci, kuma wanki ba ya fitar da shi gaba ɗaya. Kaurin gunduwa kada ya wuce yatsu biyu in an haɗa su, kuma su zo kusan daidai da juna don su nuna tare.

In ba a samun kifin ruwan daɗi a inda kike, kifin ƙanƙara ma yana yi, musamman sukumbiya. Ta ma fi karfasa da tarwaɗar kiwo yawan maiƙon nan mai amfani ga zuciya da ake kira omega-3, wanda saboda shi ne ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka take ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo irinta da sadin. Sai dai sukumbiya tana da sharaɗi. Daga teku ake kamo ta, a sauke a Legas, a ɗoro a mota zuwa arewa, kuma dole ta kasance a daskare tun daga can har hannunki. Irin wannan kifi in ya narke ya zauna a zafi, wani sinadari yana taruwa a tsokarsa wanda dahuwa ba ta kashe shi. Wanda ya ci sai fuska ta yi ja, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo. Saboda haka ki sayi wadda take da tauri ƙam, ba ta lanƙwasuwa, ba kuma daskararren jini a jikinta ko a gindin kwali, don wannan alama ce ta narke an sake daskarar da ita. A gida ki ɗaure ta a leda ki sa a ruwan sanyi, kina canja ruwan duk bayan rabin awa har ta saki. Ban da shanyawa a rana, ban da ruwan zafi.

Abin da za ki tanada, na mutum huɗu

Ban da kifin, ki nemi manyan albasa biyu, tumatir huɗu nunannu, tattasai biyu, attaruhu ɗaya ko biyu gwargwadon bakin mutanen gidan, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta tsawon rabin yatsa, masoro kaɗan, daddawa ƙaramin dunƙule ɗaya, lemun tsami uku, man gyaɗa babban cokali biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali, da ganyen ɗoɗɗoya in kin samu. Na ci da shi kuma, dankalin Hausa matsakaita huɗu da ɗaurin alayyahu biyu. Tukunya ki ɗauko mai faɗin gindi wadda murfinta ke rufuwa ruf. Faɗin ya fi zurfi muhimmanci, domin so ake kowace gunduwa ta kwanta ita kaɗai, ba wata a kan wata ba.

Ki fara yanka kayan lambu kafin ki taɓa kifi, ki ajiye su gefe a rufe. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen kifi ba za su koma kan ganye ba sai an wanke su da sabulu.

Wankin kifi

Ko mai kifi ya gyara, sauran aiki yana nan. Ki shafa jikin karfasar daga jela zuwa kai, za ki ji ragowar ɓawo a gindin fiffike da ƙarƙashin ciki. Ki kankare su da bayan wuƙa. Ki buɗe cikin. Akwai wata baƙar fata siririya da ta lulluɓe shi, ki goge ta tas da yatsa da ɗan gishiri. Sannan ki dubi jikin ƙashin baya daga ciki, za ki ga layin daskararren jini. Ki tsaga shi da bakin wuƙa ki wanke. Waɗannan biyun, baƙar fatar da layin jinin, su ne mafi yawan ƙarnin da mutane ke kuka da shi, kuma su ne aka fi mantawa.

Tarwaɗa kuwa ki zuba gunduwoyin a roba, ki kwara musu ruwan zafi wanda ya kusa tafasa amma bai tafasa ba, ki bar shi kamar minti ɗaya, ki tsiyaye. Yauƙin zai daskare ya yi fari, sai ki kankare shi da cokali ki ɗauraye da ruwan sanyi. Ruwan zafin yana kuma ɗaure tsokar, ba za ta yi saurin farfashewa a tukunya ba. Inna da toka take cuɗe tata, wasu kuma da alif, duk suna yi. Ni ruwan zafi ya fi mini sauƙi.

Bayan nan ki matse lemun tsami biyu a ruwa kaɗan ki ɗauraye kifin a ciki. Tsami yana karya abin da ke kawo ƙarni a kifin teku da warin taɓo a na ruwan daɗi. Amma ɗaurayewa na ce, ba jiƙawa ba. Kifin da ya daɗe a ruwan tsami namansa yana fari ya fara rugurgujewa tun bai ga wuta ba. Ki zuba a kwando ya tsane sosai.

Ki daka tafarnuwa da citta da masoro da gishirin nan rabin cokali a turmi har su yi laushi, ki zuba rabin cokalin mai daga cikin biyun da kika aune, ki cakuɗa. Ki shafe kowace gunduwa ciki da waje. In gunduwar tana da kauri, ki ɗan tsaga ta sau ɗaya ko biyu a kowane gefe don haɗin ya shiga. Ki rufe ki ajiye a inuwa minti goma sha biyar zuwa ashirin, ko a firji in akwai wuta. Ba ya buƙatar fiye da haka.

Wannan ne lokacin ɗora dankali. Ki fere, ki yanka manya-manya, ki zuba ruwa ya sha kansa, ba gishiri. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya nuna, kusan daidai da lokacin da kifi zai sauka.

Shimfiɗa da turarawa

Ki yanka albasar duka biyun zobe-zobe, da ɗan kauri. Kada yawanta ya ba ki tsoro, ita ce za ta hana kifi taɓa gindin tukunya, ita ce kuma za ta ba romon zaƙi. Tumatir ma zagaye-zagaye. Tattasai da attaruhu ki jajjaga su sama-sama, ba niƙa ba, ki daka daddawa ki haɗa da su.

Ki ɗora tukunya a matsakaiciyar wuta, ki zuba sauran man, ki zuba kashi biyu cikin uku na albasar. Ki juya ta minti uku zuwa huɗu har ta yi laushi ta fara sheƙi, ba so ake ta yi ja ba. Ki zuba jajjagen da rabin tumatir, ki juya, ki rufe na minti biyar. Da kin buɗe za ki tarar tumatir ya saki ruwa, ƙamshin daddawa ya tashi. Ki ɗanɗana a nan, don wannan ce damarki ta ƙarshe ta juya tukunya yadda kike so. In kin ga ruwan bai rufe gindin tukunya ba, kamar yadda yake faruwa da tumatir ɗin rani mai tsoka, ki ƙara ruwa rabin kofin shayi. Kada ki wuce haka. Ba farfesu muke yi ba, kuma kifin da kansa zai ƙara nasa ruwan.

Yanzu ki baje kayan su kwanta daidai, ki jera kifin a kai ɗaya bayan ɗaya, kawunan a tsakiya inda wuta ta fi, jelar a gefe. Ki rufe su da sauran albasa da tumatir. Ki sa murfi, ki rage wuta ƙasa sosai. In gas ne, ki mayar da shi can ƙarshe. In risho ne, ki sauke lagwani. In gawayi ne a kurfoti, ki kwashe rabin garwashin. Abin da kike son ji daga tukunyar shi ne ƙaramin sauti a hankali, ba ɓararraka ba. In murfin yana rawa, wuta ta yi yawa.

Daga nan sai ki ajiye ludayi. Wannan shi ne wuri mafi wuya ga duk wadda ta saba da miya, domin hannu zai riƙa ƙaiƙayin ya juya. Kada ki juya, kada ki birkita gunduwar, tururi ne ke dafa saman. Bayan minti bakwai ki buɗe sau ɗaya, ki ɗebi romo da cokali daga gefe ki yaryaɗa a kan kifin, ki kama hannuwan tukunyar da tsumma ki ɗan girgiza ta a hankali don kada albasa ta kama, ki mayar da murfi. In kin ji ƙauri kafin lokacin, ki zuba ruwa cokali uku ta gefen tukunya, ki ƙara rage wuta.

Ƙa'idar da masu girki ke bi ita ce minti goma ga kowane kaurin santimita 2.5. A aikace, gunduwar karfasa mai kaurin yatsu biyu tana nuna cikin minti goma sha biyu zuwa sha biyar, sukumbiya ma haka, tarwaɗa kuma ta kan kai sha biyar zuwa ashirin. Amma agogo jagora ne kawai, wutar kowa da irinta. Ki gwada da kanki: ki sa bakin cokali mai yatsu a wuri mafi kauri, kusa da ƙashin baya, ki ɗan buɗa. Kifin da ya nuna namansa fari ne fat har ciki, yana rabuwa sala-sala, yana sakin ƙashi ba gardama. In kin ga wurin yana sheƙi ko da ɗan ja a jikin ƙashi, ki rufe ki ƙara minti biyu zuwa uku. Mai ma'aunin zafin abinci, digiri 63 a ma'aunin Celsius ake nema a tsakiyar tsoka. Ina jaddada wannan saboda kifin kogi da na kududdufi kan ɗauki tsutsotsi da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, kuma nuna sosai ne ke kashe su. Tsoron kada ya wuce bai kamata ya sa ki sauke shi da saura ba.

Da ya nuna, ki yayyaga ganyen ɗoɗɗoya da hannu ki watsa, ki kashe wuta, ki bar shi a rufe minti biyu. Sai ki kwashe gunduwoyin da faffaɗan cokali, kina tallafo kowace daga ƙasa tare da albasar da ta kwanta a kai, ki jera a faranti ki rufe.

Romon da ya rage a tukunya kada ki taɓa shi, a nan alayyahu zai shiga. Ki mayar da tukunyar kan wuta, ki zuba yankakken alayyahun da kika wanke ya tsane, ki juya, yanzu kam an halatta miki ludayi. Minti biyu zuwa uku ya isa, ki sauke yana kore shar. Ba ƙarin mai, ba ƙarin gishiri, ya ɗauki ɗanɗanon kifin da daddawa. In zogale kika fi so, sai ki dafa shi dabam tun da farko ki yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, yana tafiya da wannan kifi ƙwarai. In ba a son dankali, acca ko shinkafa 'yar gida duk suna shan romon.

Maganar gishiri da dunƙule

Za ki lura ban ambaci magi ba. Da gangan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da na burodin safe da na miyar rana da na yajin da ake barbaɗawa. Shi kuwa dunƙulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Idan aka jefa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, sannan aka bi da gishiri, an cinye kaso mai yawa na rabon yini a zama guda ba a sani ba. Ga mai hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya kawo ni ga wannan girki tun farko.

A nan daddawa ce take yin aikin da ake nema wurin magi, albasa ta kawo zaƙi, citta da masoro su ta da baki. Lemun tsami na ukun da ya rage ki yanka shi gida huɗu ki ajiye a gefen faranti, kowa ya matsa a nasa. Tsami yana sa harshe ya ji kamar gishiri ya ji, ga shi kuma yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye. Gaskiya ce, a daren farko bakin da ya saba da magi zai ji kamar da saura. In kin ga za a ƙi ci, ki murmushe rabin dunƙule a cikin jajjagen, ki rage gishirin da kika daka, sannan ki riƙa ja da baya a hankali. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Wanda likita ya tsara masa abinci na musamman, kamar mai ciwon ƙoda ko mai ciwon suga, ya bi abin da aka tsara masa, ya tambaya kafin ya ƙara dankali ko ganye da yawa.

A kan tabarma

A ci shi da zafinsa, kuma a ci a wuri mai haske. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a gidan da ake cin abincin dare a tsakar gida bayan magariba. In babu wuta, a kunna fitila a kusa. Na yara ki zauna ki ɓare musu da hannunki, ki murza kowace loma tsakanin yatsu kafin ki ba su, ki kuma ba su daga tsokar baya, don wajen ciki da gindin fiffike ne ƙananan ƙayoyin karfasa suka fi yawa. In ƙaya ta maƙale wa wani, a bar al'adar nan ta haɗiye ƙatuwar lomar tuwo don ta tura ta, tana iya ƙara cusa ta cikin maƙogwaro. A gwada tari da kurɓar ruwa a hankali. In ba ta fita ba, ko ana jin zafi wajen haɗiya, ko numfashi ya canja, a tafi asibiti a daren.

Kan kifin ki ba wanda ya iya cin sa. A gidanmu ni ce, kuma naman kumatun karfasa ya fi ko'ina laushi.

Daga wanki zuwa saukewa, duka aikin bai fi minti arba'in da biyar ba in kifin a gyare ya zo. In kin fara bayan la'asar sakaliya, kafin kiran magariba kin gama har kin wanke turmi. Ƙarnin hannu kuma ɓawon lemun da kika matse ya isa: ki goge hannu da wuƙa da katako da shi, ki ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, sannan sabulu. Ƙayoyi da kayan ciki ki ƙulle a leda ki fitar da su daga kicin a daren, kada su kwana.

Ki dafa daidai cikin mutanen gidan. Dafaffen kifi bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a lokacin zafi ma awa ɗaya, kuma wannan da ba a soya ba ya fi soyayye saurin lalacewa saboda ruwan da ke jikinsa. In ya ragu kuma kina da firji mai sanyi, ki cire ƙayoyin tun a daren, ki zuba tsokar da romon a mazubi mai murfi. Washegari ki ɗumama shi har ya yi zafi sosai, ki dagargaza a cikin dafa-dukar shinkafa ko ki zuba a kan acca. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, kada ki dogara da firjin. Ki rage kifin tun daga kasuwa, ko ki miƙa wa maƙwabta ragowar tun yana da zafi.